Ina neman shawara kan yadda zan fara wasa aska mai naɗewa a kan dutse

Sabon Hannu:

Assalamu alaikum. A cikin kayan mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, na sami wata aska irin ta Turawa wadda ake naɗewa cikin ƙotarta, kuma an buga sunan Solingen a gindin ƙarfenta. Ba ta da tsatsa sai ɗan tabo kusa da ƙota, amma ta dakushe ƙwarai. Na ɗauko dutsen nan mai fuska biyu da muke wasa wuƙaƙen gida da shi, na ɗaga bayanta kamar yadda nake yi wa wuƙar yanka, na yi ta gogawa har ta soma yanka takarda. Da na kai ta gemuna, sai na ji tana tsige gashi maimakon ta aske shi. Ina son in riƙa aski da ita saboda wanda ya bar mini ita, shi ya sa nake tambaya: wane irin dutse ya kamata in nema, yaya ake riƙe ta a kansa, kuma shin na riga na lalata ta?

Mai Dutsen Ruwa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya gafarta wa mahaifinku. Ba ka lalata ta ba, amma kada ka sake kai ta kan wannan dutsen, domin kaushinsa ya dace da adda da wuƙar nama, bakin aska kuwa siriri ne ƙwarai, ba zai jure irin wannan kaushin ba. Solingen gari ne a Jamus da ya yi suna wajen ƙera wuƙa da almakashi da aska, can ne kamfanin Dovo mai ƙera aska yake tun 1906, saboda haka mai yiwuwa ƙarfe mai kyau ne a hannunka.

Babban kuskuren shi ne ɗaga bayan. Idan ka dubi askar ta wajen ƙarshenta, za ka ga gefunanta biyu sun yi kwarmi, bayan yana da kauri, bakin kuma siriri. An ƙera ta haka ne domin idan ka kwantar da ita, baya da baki su taɓa dutse tare, kaurin bayan ya tsayar da karkatar da ake bukata, wadda jimillarta, ta gefen biyu, takan kai wajen digiri 16 ko 17. Sai ka tura ta baki na gaba, kamar kana son yankar ɗan siririn abu daga fuskar dutsen, kana jan ta a karkace domin dukan bakin, daga gindi zuwa kai, ya sami rabonsa. Idan ka kai ƙarshe, ka mirgina ta a kan bayanta, ba a kan baki ba, ka dawo.

Duwatsun ruwa na Japan, wato waɗanda ake jiƙawa da ruwa a yi wasa a kansu, irin su Naniwa da Shapton da King, suna da lamba, kuma yawan lambar shi ne laushin dutsen. Abin da aka saba shi ne 1000, sai 3000 ko 4000, sai 8000, mai hali ya ƙara da 12000. Kamfanin Norton yana da dutse guda mai 4000 a fuska ɗaya da 8000 a ɗayar, wanda ya isa mai farawa idan ya haɗa da 1000. Sai dai ina roƙonka ka riƙe wannan: kusan dukan aikin a kan 1000 yake. A nan ne ake cin ƙarfen har gefen dama da na hagu su haɗu a layi ɗaya tun daga gindi har kai, kuma tunda ka ɗaga bayan a baya, za ka daɗe a nan kafin ka shafe karkatar da ka yi. Ka shafa baƙar tawadar alƙalamin maka a bakin, ka yi tafiya uku ko huɗu, ka duba: duk inda tawada ta rage, dutse bai taɓa wurin ba. Kada ka bar 1000 sai kowane sashe na bakin ya aske gashin hannunka cikin sauƙi. Na taɓa ɓata yini guda a kan 8000 ina jiran kaifi, alhali bakin bai haɗu ba tun daga farko. Ya yi ƙyalli kamar madubi, amma bai aske komai ba.

Tsohon Wanzami:

Ɗana, abin da malamin nan ya faɗa game da kwantar da askar Turawa gaskiya ne, domin ƙirarta ta bambanta da askar da maƙera suke yi mana, wadda hannu ne yake sanin karkatarta. Amma ban yarda cewa sai ka tara duwatsu huɗu ba. Fiye da shekara talatin ina ɗauke da zabira, dutse ɗaya mai laushi na gada, da ruwa, da guntun fata, kuma da su na yi wa jarirai askin suna. Abin da ba a saye a kasuwa shi ne sauƙin hannu. Da farko kana iya ɗan dannawa, amma idan aiki ya zo ƙarshe, nauyin askar kaɗai ya isa, kuma kunnenka zai ji ƙarar ta koma ƙasa-ƙasa. Sannan kada ka raina fata. A kanta baya ne yake gaba, baki yana biye, ka ja ta sau arba'in ko hamsin kafin kowane aski, fatar kuma a miƙe sosai, in ba haka ba za ta lanƙwashe maka bakin. Aska mai samun fata tana yin watanni ba ta koma kan dutse ba. Idan ka gama, ka goge ta ta bushe, ka shafa mata ɗan mai, musamman da damina. Kuma ta zama taka kai kaɗai, domin ciwon hanta yana bin jinin da ido ba ya gani.

Ɗan Sabon Gari:

Baba ya faɗi gaskiya, har a Turai akwai masu yin aiki da dutse ɗaya. A yankin Vielsalm na ƙasar Baljiyam ana haƙo wani dutse mai ruwan ɗorawa da suke kira kotikul, ana goga masa ƙaramin dutse har ya yi kunu, a fara wasawa da kunun da kaurinsa, ana ƙara ruwa kaɗan-kaɗan har a ƙare da ruwa zalla. Sai dai wannan hanya tana son gwaninta, duwatsu masu lamba kuwa sun fi sauƙin koyo.

Abin da ba a ambata ba shi ne daidaita fuskar dutsen, domin ko sabo ne ba lalle ne ya zo a miƙe ba. Ka zana layuka da fensir a kansa, ka shimfiɗa samfefa mai jure ruwa a kan gilashi mai kauri, ka jiƙa, ka goga dutsen har layukan su ɓace gaba ɗaya, sannan ka ɗan kashe kaifin gefunansa. Shawarata kuma ita ce kada ka koyi hannu da askar mahaifinka. Akwai masu araha na Sin, irin su Gold Dollar, ka yi kurakuranka a kansu tukuna.

Sabon Hannu:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, na ji gargaɗin. Na duba bayan askar na ga ya soma cinyewa a gefe ɗaya. Akwai hanyar kare shi?

Mai Dutsen Ruwa:

Akwai. Ka manna salatif ɗin wayar lantarki layi ɗaya a tsawon bayan, ka sake sabo duk lokacin da ka ga ya cinye ko za ka sauya dutse, domin baƙin da yake bari yana toshe fuskar dutsen. Zai ɗan ƙara karkatar bakin, saboda haka idan ka fara da shi a kan 1000, ka ci gaba da shi har dutse na ƙarshe, kuma duk ranar da za ka sake wasa ta ka mayar da shi. A kan fata ne kaɗai za ka cire shi.