Waɗanda suka taɓa aikin rani a gandun daji, ku ba ni labari kafin in sa hannu

Ɗan Serti:
Assalamu alaikum jama'a. An yi mini tayin aikin wucin gadi na wata shida, daga Nuwamba zuwa Afrilu, in riƙa bin masu tsaron gandun daji sintiri a Gashaka-Gumti. Shekarata 26, na gama difloma, ba ni da abin yi sai gonar mahaifina, ita kuwa da an kwashe masara sai zama. Haifaffen nan ne ni, amma ban taɓa wuce ƙauyen Gashaka ba. Mahaifiyata ta ƙi, ta ce ba ta haife ni don mafarauta su harbe ba. Wanda ya taɓa yi, a nan ko a wani gandun, don Allah ya gaya mini yadda abin yake a ƙafa. Na takarda na riga na karanta.

Tsohon Renja:
Wa alaikumus salam, ɗana. Na yi shekaru a wannan dajin kafin gwiwa ta ajiye ni. Abu na farko, ka cire harbe-harbe daga ranka. Aikin tafiya ne. Gandun ya haura murabba'in kilomita 6,000, shi ne mafi girma a Najeriya, ya ci Taraba ya shiga Adamawa har Toungo, kuma mafi yawansa ba inda mota za ta bi. Mu a lokacinmu mukan fita mu shida ko takwas, mu yi mako guda ko kwana goma. Garinka, wakenka, manjanka, tukunya, tabarma, duk a bayanka. Ranar farko kafaɗa ke kuka, rana ta uku tafin ƙafa, daga nan sai jiki ya haƙura.

A kwari zafi da ƙudan tsando, cizonsa kamar an soka maka allura, kuma yana son baƙin tufa da shuɗi, ka kiyaye. A kan tsauni kuwa sanyi ne da ba ka san shi ba a Serti. Na kwana a Chappal Hendu cikin hunturu, sunan ma da Fillanci dutsen iska yake nufi, muka kasa barci har asuba saboda kaɗawa. Chappal Waddi ya fi shi, mita 2,419, babu tudun da ya kai shi a ƙasar nan. Kada ka bar bargo don rage kaya.

Abin da za ka fi yi shi ne kwance tarko. Waya ce ta birkin babur, a yi mata zarge a kan hanyar da dabba ke bi zuwa ruwa. Ba ta zaɓe: mazo, gada, gadu, duk wanda ya sa wuya ko ƙafa. Wata rana mun tsinci fiye da yadda za mu iya ƙirgawa a bakin rafi ɗaya, wasu da mushe a jiki ya ruɓe, mai tarkon bai ma dawo dubawa ba. Wannan ɓarnar ta fi ƙona mini rai a kan ta mai adaka, domin shi aƙalla abin da ya harba ya ɗauka.

Amma akwai ranar da ba na mantawa. Wajen Kwano, da sassafe, muka ji kamar ana kaɗa ganga can cikin kurmi. Na gaba ya ɗaga hannu muka tsaya cik. Biri mai ganga ne yake dukan saiwar bishiya. Ban gan shi ba ranar, sai sheƙarsa da ya kwana a sama. Na tsaya ina tasbihi a zuci. Mutum ya tashi a Serti ya tsufa bai taɓa jin wannan ba, alhali tafiyar ba ta da nisa daga ƙofar gidansa.

Baban Hadiza:
Baba ya faɗi gaskiya, Allah ya ƙara lafiya. Ni zan taɓo inda bai taɓo ba, domin shi ma'aikacin dindindin ne, ni kuwa irin naka na yi, rani biyu a jere.

Ma'aikacin dindindin yana da kaki, yana da bariki, gobe ana iya yi masa canjin wuri. Kai da ruwa ya sauka za ka ajiye takalmi ka koma unguwarku, ka yi sallah sahu ɗaya da wanda ka kama.

A ranina na biyu muka bi sawun masu yankan madobiya, wadda 'yan katako ke kira Madrid. Ka san yadda aka yi wa itacen nan a Taraba, tireloli suna fita da gungume ana kai wa Sin, har ta kai an sa shi cikin jerin itatuwan da duniya ta ƙayyade cinikinsu a 2016. Ni na gane hanyar, domin tun ina yaro nake bin ta neman zuma. Muka iske mutum uku da injin yanka. Biyu suka gudu. Na ukun da ya juyo, sai ga shi ɗan ƙanwar surukina ne. Ya kira ni da sunan da ake kirana a gida. Wallahi bakina ya bushe. Shugaban tawagarmu ya dube ni, ya gane, bai ce uffan ba, ya sa wani ya riƙe shi, ni ya ce in ɗauki injin in yi gaba. Har yau ina gode masa.

Aka kai shi kotu, aka ci shi tara, dangi suka haɗa suka biya. Afrilu ta yi, aikina ya ƙare. Daga nan na san ma'anar zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ba wanda ya zagi hukuma, ba wanda ya ambaci alƙali. Ni ne na nuna hanya. Matata ta yi wata huɗu ba ta shiga gidan gwaggonta ba. A kasuwa in na yi sallama a rumfar da na saba zama sai hira ta mutu. Ranar gayyar noman gonata mutum biyar suka zo, inda a da sukan haura ashirin.

Ban yi nadama ba, kuma ba na so ka ɗauka haka nake nufi. Wurin da suka sare na koma na gani, kututture ne jere, rafin da ke ƙasa ya fara cin gaɓa. Shi kansa yaron ba shi ke cin ribar ba, ɗan abin da ake ba shi a kan gungume ɗaya bai taka kara ya karya ba, masu tirela ke kwashewa. Abin da na yi kuskure shi ne ban gaya wa kowa ba kafin in fara. Da na je wurin mai unguwa da dattawan gidanmu da na matata na ce ga aikin da zan shiga, duk wanda ke da ɗa a daji ya ja masa kunne, da ranar da abin ya faru ba wanda zai ce na ci amana. Ka yi wannan kafin ka sa hannu, ƙanena. Sai da aka shekara, ranar sunan ɗansa, shi da kansa ya aiko mini da goro.

Jikan Arɗo:
Malam Baban Hadiza, labarinka ya taɓa ni. Ni daga ɗaya ɓangaren na fito. Kakannina suna kan tsaunukan nan da shanunsu tun kafin a mai da wurin gandun ƙasa a 1991, shi ya sa aka bar mana wuraren zama a ciki irin su Hendu da Filinga. Na yi rani ɗaya ina yi wa masu sintiri jagora da tafinta.

Ɗan Serti, a rani rigimarka da shanu za ta fi ta mafarauta yawa. Ciyawa ta ƙare a waje, ruwa ya janye, garke ya gangaro. Ka koyi bambanta mazaunin ciki da baƙon da ya keto daga nesa, don in ka haɗa su ka yi musu magana ɗaya ka ɓata da wanda zai taimake ka. Mazaunin ciki shi ma ba ya son baƙon garke, yana cinye masa ciyawa yana kawo masa cuta. Kuma in kun iske shanu, yawanci yaro ne ɗan shekara goma sha biyu a bayansu, mai su yana gari. Kada ka ɗaga masa murya, kada ka taɓa sandarsa. Ka yi sallama, ka tambayi lafiyar shanu, ka tambayi ruga, ku je wurin babba. Na ga tawagar da ta yi haka, garke ya fita kafin la'asar ba a kama kowa ba. Na kuma ga inda aka fara da tsawa, shanu suka watse cikin daji, aka kwana uku ana nema, gabar ta fi shekara. Ka koyi gaisuwar Fillanci ko da kaɗan ce.

Na Mainamaji:
Mu a Yankari giwa ce maganar. Da kaka takan fita ta shiga gonakin gefe, dare ɗaya ta gama da dawar da mutum ya yi damina yana wahala a kai. Na sha tsayawa gaban manomi yana hawaye, ni kuma aikina in kare wadda ta yi masa ɓarnar. Babu kalmar da ke isa a wurin. Abin da na koya shi ne in zo da wuri, in auna gonar tare da shi, in rubuta a gabansa, in kwana tare da su ana kaɗa garwa ana haska tocila. Wanda kuka kwana a gona tare, gobe in ya ga baƙin fuska da bindiga zai kira ka.

Sai maganar kuɗi. A wani wurin daban da na taɓa yi, ba zan ambaci suna ba, mun yi wata uku alawus bai fito ba, kuma ba mu da takarda a hannu. Ka tabbata an rubuta nawa ne, ranar nawa ga wata, wa zai biya asibiti in ka ji rauni, me iyalinka za su samu in ta Allah ta kasance. Ka karɓi kwafi ka ba mahaifinka ya ajiye. Ka kuma tambayi inda maganin sarar maciji yake mafi kusa. Abokin aikina kububuwa ta sare shi a idon sawu, sai da muka dangana da Kaltungo, Allah ya yi da sauran kwana.

Maman Sadiku:
Maigidana ya yi rani uku. Ɗana, tsoron mahaifiyarka a kan hanya yake, kada ka yi mata gardama. Abin da ya fi ci mini rai shirun ne, kwana goma waya ba ta shiga, kowane babur ya tsaya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi. Daga baya muka tsara, kafin ya fita yakan gaya mini ranar dawowa ya ƙara kwana biyu a kai, ya bar mini lambar wanda ke zaune a ofis kusa da rediyo. Ka kai ta ta ga shugaban tawagarku ido da ido. Uwa in ta san hannun wa ɗanta yake, hankalinta yakan ɗan kwanta.

Ɗan Salamat:
Gaisuwa daga Cadi. Na yi aiki da masu sintirin doki a Zakuma, kusa da Am Timan. Mu namu lokacin haɗarin damina ne, ruwa ya malale gandun, hanya ta yanke, giwaye su fita waje, dole a bi su. Kuna da labarin yadda aka ƙarar da su, daga sama da 4,000 a 2002 zuwa wajen 450 a 2010, shekarar da ƙungiyar kula da gandun daji ta African Parks ta karɓi kula da wurin. Yanzu sun sake haihuwa, sun haura 500.

Ina girmama maganar Baba cewa aikin tafiya ne, haka ne a mafi yawan kwanaki. Amma kada a ɓoye wa yaron sauran. A Satumbar 2012, a Heban, arewa da gandun, maharba giwa suka faɗa wa sansanin masu tsaro suna sallar asuba, mutum shida suka tafi. Na zo bayan haka, na iske ba a sallah duka a lokaci ɗaya a daji, rabi su yi, rabi su tsaya gadi, sannan a sauya. Ka riƙe wannan ko da wurinku lafiya lau ne. Kada ka kunna wuta a fili da dare, kada ka saba komawa ta hanyar da ka zo, kada ka faɗi inda za ku ko ga amininka. Kuma in ba a horar da kai a kan bindiga ba, kada ka yarda a miƙa maka ita don kunya.

Tsohon Renja:
Ka yi daidai, Malam. Allah ya jiƙansu. Mu ma mun binne namu, ban so in fara da shi ba ne.

Ɗan Serti:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa mahaifiyata saƙon Maman Sadiku, ta yi shiru, daga baya ta ce in kai ta ta ga mutumin. Yaya Baban Hadiza, maganarka ta hana ni barci, domin akwai 'ya'yan kawuna biyu da na san suna shiga daji da kare. Jibi bayan sallar Juma'a zan je gidan kawun tare da mahaifina, daga nan mu wuce wurin mai unguwa. Takardar kuma ba zan sa hannu ba sai na ga maganar asibiti a ciki. Baba, tambaya ɗaya ta rage, wane irin takalmi zan nema?

Tsohon Renja:
Mai rufe idon sawu, wanda ya ɗan fi ƙafarka girma, don ƙafa tana kumbura a tafiya. Ka saya yanzu ka riƙa zuwa gona da shi, kada ranar fita ta zama ranar farko da ka sa shi. Safa uku, silifa ɗaya na zaman sansani, da man kaɗanya a ƙaramin gwangwani saboda kanta da faso. A Nuwamba kogin Mayo Kam bai gama janyewa ba, in za ku ƙetare ka kwance igiyar jakarka ta ƙugu tukuna. In kun je gidan kawun naka, ka bar mahaifinka ya fara magana.