Ina ake samun rigar sanyi mai araha a Ingila? Tambaya kan shagunan gwanjo

sabon_zuwa_bradford:
Salam 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawara. Sati uku kenan da zuwana Bradford karatu, wallahi sanyin garin nan ya fara shiga ƙashina tun Oktoba bata ƙare ba, suwaitar da na taho da ita daga Kano ko gezau bata yi. Na shiga wani babban shago a tsakiyar gari naga jaket mai kauri fam 90, da na buga lissafi da naira sai kawai na ajiye musu kayansu na fito. Wani abokin karatuna yace in je shagunan ƙungiyoyin agaji irin su Oxfam, to abin da ya tsaya min a rai shi ne, ba kayan sadaka bane da aka tara don mabuƙata? Bana so in je in ci haƙƙin wani. Sannan ana taya kaya a wajen ko kuwa? Kuma naga wasu shagunan an rubuta Vintage, duk abu ɗaya ne?

maman_yara_leeds:
Wa alaikassalam ƙanena, sannu da zuwa, Allah ya bada sa'ar karatu. Ka kwantar da hankalinka babu haƙƙin kowa a ciki. Yadda abin yake, mutane ne ke kai kayan da suka daina sawa kyauta, shagon ya sayar, kuɗin kuma ya tafi aikin ƙungiyar, British Heart Foundation binciken ciwon zuciya, Cancer Research UK na ciwon daji, Barnardo's na yara, Oxfam yaƙi da talauci, har Islamic Relief da aka kafa a Birmingham a 1984 tana da nata shagunan. Kaga kenan kai da ka saya taimaka musu kayi, ciniki suke nema. Yawancin masu tsayawa a kanta ma aikin sa kai suke ba albashi, tsofaffin mata ne da yawa masu fara'a, shi yasa ban baka shawarar kayi taya ba, farashi yana jikin kaya kuma ita mai jiran shagon sau da yawa bata da ikon ragewa. Sai dai in kaga tabo ko maɓalli ya cire ka nuna mata cikin ladabi, wani lokacin manaja zata rage maka.

Abin da shekaru suka koya min shi ne unguwa ake bi, sunan shago bai dame ka ba. Kayan shago yawanci na mutanen da ke zagaye da shi ne, inda masu hali suke nan kaya masu kyau suke. Kai da kake Bradford ka hau jirgin ƙasa daga Forster Square zuwa Ilkley, kamar rabin awa ne, garin ƙarami ne zaka zagaye shagunan da ƙafa. A can na samo wa babban ɗana kwat na ulu har gwiwa fam 14, shafin ciki lafiya lau ko zare bai tashi ba, har da maɓallin ajiya ɗinke a gefen aljihu ba a taɓa cire shi ba, yau sanyi na uku kenan yana sawa. Harrogate ma haka take. Ka dinga juya riga kana karanta ƙyallen da ke ciki, in ulu ne ko gashin agwagwa aka cusa to ka riƙe ta da kyau, in roba ce zalla mai sheƙi zata tare iska amma ɗumin kaɗan ne. Kuma ka ɗauki wadda ta ɗan fi ka don suwaita ta shiga ƙarƙashi. Singileti da safa da kayan ciki kuwa ka saya sababbi a Primark, ba tsada.

abba_sheffield:
Anti ta gama magana. Ni kan Vintage ɗin zan ƙara, don nan na ƙone. Ba ɗaya bane sam, waɗannan 'yan kasuwa ne masu neman riba, suna tsinto kayan yayin 1980 da 1990 su wanke su rataye su tsawwala kuɗi saboda samarin turawa na son tsohon yayi. Na taɓa sayen jaket ta fata fam 45 a wani irin shagon, sai da na zo gida naga zif ɗin baya hawa har sama, na koma suka ce basa karɓar kaya. In ɗumi kake nema ba gayu ba ka bar su tukuna. Abin da zai fi maka shi ne kasuwar kilo da ake yi lokaci lokaci a manyan garuruwa, ka cika leda a ɗora a sikeli, amma fa jaket nauyi gare ta, riguna marasa nauyi ne ke faɗuwa da araha a can. Ka sauke Vinted a waya kuma, manhajar saye da sayar da kayan gwanjo ce, nan kam ana taya.

dan_kofar_wambai:
Ni ban taɓa taka Ingila ba amma shekarata 16 ina fasa dila a Kofar Wambai, kuma naji daɗin hirar nan sosai don asalin kayanmu kuke faɗa. Abin da waɗannan shagunan suka kasa sayarwa kamfanoni ne ke saye a kilo, su ware, su matse a dila, jirgin ruwa ya sauke a Kwatano ko Lome, tunda Najeriya ta hana shigo da gwanjo a hukumance, daga nan ya biyo hanya har ya iso mu. Sau nawa ina fasa dila in ga riga da takardar farashin fam a maƙale. To ɗan uwa kai a bakin rijiya kake, mu sai an zaɓe an rage yake zuwa mana.

Ga yadda muke duba kaya. Fara da hammata da wuyan riga da bakin hannu, nan tsufa ke fara nunawa. Ka ja zif sama da ƙasa sau biyu uku, ka zura hannu aljihu har ƙasa. Kayan ulu ka ɗaga su saitin haske, in kaga ƙananan huji kamar an tsira allura to asu ya ci, kar ka ɗauka ko kyauta ne don zai iya shiga sauran kayanka. Jaket mai cushe kuma ka matsa ta a hannu ka saki, in ta taso da sauri da sauran ranta, in ta kwanta ko cushen ya dunƙule waje ɗaya ta gama aiki. Ka shinshina ma, warin ajiya yana fita da wanki amma na fumfuna da wuya.

sabon_zuwa_bradford:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Anti naje Ilkley jiya Asabar, na shiga shago biyar, a na huɗu na samu jaket mai hula fam 12 da suwaitar ulu fam 5. Alhajin Kofar Wambai, na ɗaga suwaitar saitin taga kamar yadda kace, ta farko da na ɗauka huji biyu ne a kafaɗa na mayar na ɗauki wata. Takalmi ne ban samu daidai ƙafata ba, ina sa 44, Anti a lambar nan nawa kenan?

maman_yara_leeds:
Ma sha Allah ka yi sayayya. Ka nemi 9 da rabi ko 10, ka gwada da safa mai kauri, kuma ka juya ƙasan ka tabbata bai sule ba don in ƙanƙara ta kwanta hanyoyin Bradford gangara ne, santsi ba wasa.