Lambobi sun fito min cikin hoto, laifin fim ne ko na mai wanki?

dan_bagalam: Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu aiki da fim na gargajiya ku taimaka min. Na sayi fim ɗin nan mai faɗi na 120 baƙi da fari, wani ɗan uwa ya taho min da shi daga Kano, na ɗauki hotunan bikin ƙanwata da tsohuwar aparai (kyamara) ta mahaifinmu, da aka wanke sai ga lambobi da ɗige-ɗige sun fito a jikin hoton, 4, 5, 6 a jere, har wata ta hau kan lulluɓin amarya wlh. Sun fi fitowa inda wuri yake fili kamar bango ko sararin sama. Mai wankin ya rantse ba daga gare shi ba ne. To laifin wa ke nan?

Tsohon_mai_hoto: Wa alaikumus salam ɗana. Ka ƙyale mai wanki, ba shi da hannu. Ɗauko takardar da ke naɗe da fim ɗin in ba a yar ba, ka kara ta da nagatif ɗin, za ka ga lambobin nan su ne na bayan takardar sak. Fim na 120 ba shi da gwangwani irin na ƙaramin fim ɗin nan na 35, takarda ce kawai ke kare shi daga haske, kuma in an naɗe shi gefen da aka buga lambobi yana kwance a kan fuskar fim na zagaye na gaba. To in zafi ya buge shi ko ya sha raɓa sai tawadar ta taɓa maganin da ke jikin fim ta bar shaida. Mu da watan 4 da na 5 muke wuce digiri 40, kaya kuma su kwana cikin mota a hanyar Jibiya da Ɗan Isa, mi kake jira. Da ta jar tagar bayan aparai, wadda ake leƙa lamba ta cikinta, haske ya shiga, da tabo guda za ka gani a wuri ɗaya, ba rubutu ba.

sabongari_6x6: Baba gaskiya ne amma kar a wanke kamfanoni tas. Wajen 2015 zuwa 2016 Kodak sun sha wannan matsala, masu hoto a Amurka da Turai suka yi ta kuka da fim ɗinsu mai suna T-Max da sauransu, su da ba su san zafin Maradi ba. Kamfanin ya amsa, ya alaƙanta abin da zafin da kayan suka sha, ya rage kaurin tawadar, daga baya ya sake takardar ma baki ɗaya, har T-Max 100 na 120 ya ɓace a kasuwa na wani lokaci. Ilford na Ingila su ma a 2020 sun fito sun yi bayani kan dabbare-dabbare da ke fitowa a wasu fim ɗinsu na 120. Ni a ganina takardar da ba ta jure tafiya ai ba ta cika takarda ba.

Yaya ɗan Bagalam ga abin yi. Duba kwalin, kusa da ranar lalacewa akwai lambar rukunin da aka yi fim ɗin, ita ce masu kamfanin za su fara tambayarka, don da ita suke gane ko duk rukunin ne ya ɓaci ko naka kaɗai. Ka tura musu imel da hoton kwalin da na nagatif. Amma kar ka sa rai da yawa, a rubuce yake tun a kwali ko takardar ciki cewa iyakarsu su musanya maka fim da wani, hotunan biki da kuɗin wanki ba ruwansu. Kuma sabon ma sai ka nemo wanda zai karɓa maka a Yamai ko waje.

Maman_Iman: Ni tambaya ce, firigo ba ya magani? Kuma wanga wahala duk ta mi ce ga waya a hannu 😂

Tsohon_mai_hoto: Hajiya firigo yana yi in fim yana cikin ledarsa a liƙe, kuma in ka fiddo ka bar shi sa'o'i sanyin ya sake shi kafin ka buɗe, in ba haka ba ya yi gumi. Da ɗauke wutar nan tamu kuwa, sanyi ya zo ya tafi, ni na fi son a sayi kaɗan a ƙare da wuri. Fim ɗin da aka riga aka ɗauki hoto da shi ba a wanke ba shi ya fi saurin ɓaci, balle da damina, kar ya yi wata a aljihu.

dan_bagalam: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Na samu kwalin, lambar tana nan, saura biyu ban buɗe ba kuma duk lamba guda ce. Zan gwada ɗaya a bangon gidanmu in gani kafin in rubuta musu. Wa ya san mai iya goge lambar nan a kwamfuta? Amarya ta matsa min.