Fawa saflai mai wat 1000 ko mai 550? Gardama kan kwamfutar Auta

Auta: Assalamu alaikum manyanmu. Zan haɗa kwamfutar tebur don aikin zane da yankan bidiyo. Furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) i5-12400F, katin girafik (mai sarrafa hoto) RTX 4060, ram (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) guda biyu, SSD (ma'ajiyar fayil) ɗaya. Mai shagon da na je wurinsa ya ce lallai in ɗauki fawa saflai, wato akwatin da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta, mai wat 1000, wai wutarmu ba ta da tabbas, babba ce kaɗai za ta jure. Kuɗinta kuwa ya kusa ninka na mai 550. Me za ku ce?

Mai Gyara: Wa alaikumus salam. Gaskiya ya faɗa maka, ƙanena. Kullum injinan da ake kawo mini a ƙone, fawar ce ta fara tafiya, kuma ƙanana ne. Idan kana da hali ɗauki babba ka huta.

Hajiya Mai Buga Takardu: Ni kuma tsoron babbar nake ji. Wat 1000 fa! Inbatar shagona gaba ɗaya ba ta kai haka ba. Auta, idan da sola kake aiki, kafin la'asar batirinka ya kwanta.

Injiniya: Hajiya, ranki ya daɗe, wannan lambar da ke jikin akwatin iyakar abin da fawar za ta iya bayarwa ce. Abin da take ja daga bango kuwa, kayan cikin kwamfutar ne ke yanke shi. Girman randa ba ya sa mutum ya sha ruwan da ya fi ƙishirwarsa. Idan kayan suna neman wat 200, mai 1000 da mai 550 duk kusan abu ɗaya za su ja.

Sai mu yi lissafin na Auta. Intel da kanta ta rubuta cewa i5-12400F wat 65 ne a zaman lafiya, idan aiki ya yi zafi ya kai 117. RTX 4060 kuwa wat 115 Nvidia ta ba shi. Ka ga 232 ke nan. Madabod (babban faifan da ake jona komai a kansa) da ram da SSD da fankoki, a ba su 60 zuwa 70 a yalwace. Jimla ta tsaya wajen 300, kuma wannan sai ranar da furosesa da katin suka ƙure a lokaci guda. Ita Nvidia ɗin ma 550 ta ba da shawara a kan wannan kati, alhali ta riga ta sa rarar masu furosesa mai ci. To ina wat 1000 ya shigo?

Mai Gyara: Injiniya, lissafin takarda daban, abin da ke kan teburin gyara daban. Na sha buɗe injin da aka rubuta wa fawarsa 500, kayan ciki ba su kai 300 ba, amma ta yi hayaƙi.

Injiniya: Ban musa ba, Yaya. Amma juya fawar ka karanta takardar da ke gefenta, layin da aka rubuta +12V. Furosesa da katin girafik duk daga layin bolt 12 suke ci. Ka ninka amfiyar (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) da ke ƙarƙashinsa sau 12, shi ne wat ɗin layin. Fawa ta gari mai 550 za ka ga amfiya 45 ko kusa da haka, wato wat 540, kusan duka ƙarfinta. Irin marasa nauyin nan da ke zuwa kyauta a cikin kes, wato akwatin kwamfuta, za ka iya tarar da amfiya 18 kawai, wato wat 216, sauran lambar an cike ta da layin bolt 5 da 3.3 waɗanda injinan yanzu ba su cika nema ba. Wanda ya ɗora mata kati mai ci, 500 ɗin da ke jikin kwali ba za ta cece shi ba. Masu ƙonewar nan ƙarya ce ta kashe su, kuma mai yin ƙaryar 500 ba zai ji nauyin rubuta 1000 ba.

Malam Na Makaranta: Ina sauraro. Amma maganar mai shagon ita ce wutar NEPA, ba ku taɓa ta ba tukuna. Mu a unguwarmu da daddare wuta takan yi ƙasa har fanka ta riƙa juyawa kamar mai jin barci. Ashe babbar ba ta fi jure wannan ba?

Injiniya: Malam, yawan wat bai da hannu a nan. Abin dubawa shi ne wurin da aka rubuta wutar shiga. Idan ka ga 100 zuwa 240V, wannan tana karɓar wuta ko da ta sauko sosai, domin an yi ta ne ta yi aiki a Amurka da Japan inda wutarsu take wajen rabin tamu, ta kuma yi aiki a nan inda ake 230. Akwai waɗanda aka rubuta musu 200 zuwa 240V kaɗai, su ne za su mutu da zarar wuta ta yi rauni, ko da wat 1000 ne. Tsofaffin nan masu jan maɓalli a baya, 115 da 230, su kuma kada wanda ya kuskura ya tura shi 115 a ƙasar nan, nan take za ta fashe. Idan kuma wuta ta dawo da ƙarfi ko aradu ta faɗo wa layi, wannan aikin sitabilaiza ne da abin kare tashin wuta.

Mai Gyara: To zafi fa? Watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, shago ba AC, zafi ya haura 40. Ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Fawar da ke aiki dab da iyakarta ba ta daɗewa a nan, ko me takarda ta ce.

Injiniya: A nan kam ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Shi ya sa ban ce ya sayi mai 350 ba duk da lissafi ya ba da 300. Masu kyau sukan rubuta cewa ƙarfin nasu a zafin digiri 40 ko 50 aka auna shi, masu arha kuwa a ɗaki mai sanyi. Amma wat 300 a kan fawa mai 550 rabi ne da ɗan kai. Rarar da kake nema tana nan.

Ɗan Wasan Gem: Ku bari in shigo. Ni 750 zan ce. Lokacin da RTX 3080 ya fito a 2020, wat 320 aka rubuta masa, amma yakan yi wani fizgar wuta na ƙiftawar ido da ya zarce haka nesa, har fawa masu kyau suna kashe kansu. Dalilin da ya sa ƙa'idar ƙera fawa mai suna ATX 3.0 ta 2022 ta ce manyan fawa su iya jure ninki biyu na ƙarfinsu na ɗan taƙaitaccen lokaci ke nan. Kuma Auta yaro ne, baɗi zai ce 4060 ta yi masa kaɗan.

Injiniya: Fizgar kati mai wat 320 daban da ta mai 115. Ko 4060 ya ninka cinsa na ɗan lokaci, 550 ta gari ba za ta ji ba. Maganar canji kuma, sai Auta ya faɗi gaskiyar aljihunsa. RTX 4070 wat 200 ne, 650 ake ba da shawara. Sai an kai irin su 4090 mai wat 450 ake maganar 850 zuwa sama, kuma mai kuɗin wannan kati kuɗin fawa ba zai dame shi ba.

Ɗan Wasan Gem: Duk da haka, fawa ce abin da ya fi daɗewa a injin. Mutum ya canza kati sau biyu tana nan. Ban sauka daga 750 ba.

Hajiya Mai Buga Takardu: Ku dakata, ni har yanzu batirina nake tunani. Injiniya, ka ce kusan abu ɗaya suke ja. Wannan "kusan" ɗin fa?

Injiniya: Kowace fawa tana ɓatar da wani kaso ya zama zafi. Tambarin 80 Plus da kike gani yana nufin an gwada ta a kashi 20 da 50 da 100 na ƙarfinta, ta mayar da aƙalla kashi 80 cikin 100 na abin da ta ja. Matakansa na Bronze da Gold sun fi haka, kuma a wajen rabin nauyi suka fi tsimi. Kwamfutar da ake rubutu kawai a kanta tana iya zama a wat 50, a kan mai 1000 kashi 5 ke nan, ƙasa da inda aka gwada ta, can ne asara ke ƙaruwa. 'Yan wat ne, ba za su kwantar miki da batir ba.

Inda Auta zai yi hattara shi ne UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta. Su da VA (bolt sau amfiya) ake rubuta ƙarfinsu, kuma VA ba wat ba ne. Ƙaramar nan mai 650VA wat 360 zuwa 390 take iya ɗauka. Injinsa idan ya ƙure a 300, daga bango zai ja wajen 340, ga allo a kai. Ana ɗauke wuta yana tsakiyar fitar da bidiyo, sai ta yi ƙara ta mutu. Ya nemi 1000VA zuwa sama. Kuma wasu fawa na zamani ba sa shiri da UPS mai arha da wutarta ba ta fita sumul, don haka ya gwada a shagon kafin ya biya, ya zare fulogi injin yana aiki ya gani.

Mai Gyara: Wannan ta gwaji na yarda da ita. Amma ni ko gobe aka zo shagona, 650 ce mafi ƙaranci da zan ɗaura wa injin mai kati. Kuma ka ɗaga ta a hannu, Auta, idan ka ji ta shafal ajiye musu kayansu.

Malam Na Makaranta: Daga 1000 an sauko 650 ke nan, Yaya.

Mai Gyara: Malam, 1000 ɗin ba daga bakina ta fito ba, babba na ce.

Auta: Na gode ƙwarai. Akwai mai 650 Bronze a wani shagon, bambancinta da mai 550 kaɗan ne. Gobe in sha Allah zan ɗauko hoton takardar gefenta in turo, Injiniya ya duba mini layin 12V da wutar shiga kafin in ba da kuɗi.

Injiniya: Turo har da na bayan UPS ɗin.