Neman Shawara: Rabon Kyauta Zai Kawo Mini Masu Saye Ko 'Yan Kallo?

Mai tambaya, daga Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Ina sayar da shinkafa 'yar gida da busasshen kifi wanda nake sarowa daga Yauri, kuma wata shida ke nan da na biya aka buɗe mini shafin intanet domin mutanen Abuja, Kaduna da Legas su riƙa saye ina aika musu a mota. Shafin ya yi kyau, amma ciniki bai taka kara ya karya ba. Da azumin da ya wuce na raba katin waya na naira 500 ga mutum 30 da suka bi ni a Facebook, mabiya suka ƙaru ƙwarai, sai dai ko mudu ɗaya babu wanda ya saya a cikinsu. Yanzu ina tunanin sayen sabuwar waya in sa ta a ƙuri'a, duk mai son shiga ya biya naira 1,000 ta shafin, wanda ƙuri'a ta faɗa wa ya ɗauka. Ina roƙon waɗanda suka taɓa gwada irin wannan su haska mini hanya kafin in taɓa jarina.

Wata 'yar kasuwa, daga Gusau:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da ya same ka da katin waya ya taɓa samuna a harkar atamfa, kuma daga baya na gane cewa laifin yana ga irin kyautar da na zaɓa. Katin waya kowa yana so, daga ɗan makaranta har mai gadi, saboda haka wanda ya zo dominsa ba lallai ne yana da bukatar kayanka ba, kuma da zarar rabo ya ƙare shi ma ya kama gabansa. Wayar da kake shirin saye ma haka za ta yi maka, sai dai asarar ta fi girma.

Ka mayar da kyautar ta zama kayanka na sayarwa. Idan ka ce wanda ya yi nasara zai samu ƙaramin buhun shinkafa da ƙullin kifi, to mafi yawan masu shiga za su kasance masu gida da matan aure da masu sayar da abinci, wato mutanen da gobe za su iya ciro kuɗi su saya. Wanda ya ci kyautar zai dafa, iyalinsa su ɗanɗana, maƙwabta su tambaya, gani kuwa ya kori ji. Sannan kuɗin da za ka kashe kuɗin sari ne kawai, ba farashin kasuwa ba. Mu da muka taso muna ganin iyayenmu suna auna hatsi mun san gyara, ɗan abin da mai awo yake ƙara wa mai saye bayan mudu ya cika. Ba a taɓa yi wa mai wucewa gyara ba, sai wanda ya tsaya ya yi ciniki.

Wani malami, daga Argungu:

Hajiya ta yi magana a kan riba, ni kuma zan tsaya a kan naira 1,000 ɗin nan, domin a nan hatsarin yake. Ɗana, idan mutum ya biya kuɗi ba don ya karɓi kaya ba, sai don ya shiga ƙuri'ar da ko ya samu waya ko kuɗinsa ya tafi a banza, wannan ita ce caca, kuma aya ta 90 a cikin Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya wajen hani. Canza mata suna zuwa garaɓasa ba ya canza hukuncinta. Kyauta kuwa abin so ce a addini, kuma idan shiga gasar ba ta bukatar ko sisi, babu wanda ya yi asara, don haka babu laifi a yi ƙuri'a a fitar da mutum ɗaya.

Inda malamai suka yi saɓani shi ne a ce sai wanda ya sayi kaya zai shiga. Wasu sun halatta da sharaɗin kada a ƙara farashi saboda kyautar, kuma mai sayen ya kasance da ma yana bukatar kayan, wasu kuma sun ƙi saboda tana sa mutane sayen abin da ba su da niyya. Ni dai abin da na fi natsuwa da shi shi ne ka bar ƙofar shiga a buɗe kyauta, masu saye kuma ka yi musu rangwame ko gyara wanda kowa zai samu ba tare da ƙuri'a ba.

Mai tambaya:

Allah ya gafarta Malam, na janye maganar biyan kuɗi gaba ɗaya. Amma idan kyauta za a shiga, ta yaya zan sa mutane su leƙa shafin nawa, ba su tsaya a Facebook kawai ba?

Wani matashi mai gina shafukan intanet, daga Jega:

Yallaɓai, ka sa shigar gasar ta kasance a cikin shafin naka. A Facebook da WhatsApp sanarwa kawai za ka yi, tare da adireshin da mutum zai latsa ya kai shi inda zai rubuta sunansa, garinsu da lambar wayarsa, sannan ya amsa tambaya ɗaya wadda amsarta ke cikin jerin kayanka, misali kifi kala nawa kake sayarwa. Da wannan dabara dole ya duba kaya da farashi kafin ya fita. Ka tabbatar shafin yana buɗewa da sauri a ƙaramar waya, domin mutanenmu ba za su ƙona data a kan manyan hotuna ba. Haka kuma ka guji sharaɗin nan na cewa sai mutum ya yaɗa sanarwar a shafinsa ko ya kira sunayen abokansa a ƙarƙashinta, saboda ƙa'idojin Facebook na gasa sun hana hakan.

Lambobin wayar nan su ne ribar gasar ta gaskiya. Bayan an fitar da wanda ya yi nasara, ka aika wa sauran saƙon godiya da ɗan rangwame na mako ɗaya, a nan za ka ga su wane ne masu saye. Sai dai ka rubuta a fili cewa za ka riƙa turo musu talla, kuma wanda bai yarda ba ka ƙyale shi, domin tun 2023 Najeriya take da dokar kare bayanan mutane, kuma bai halatta ka ba wani lambobin ko ka sayar da su ba.

Wani ma'aikacin gwamnati mai ritaya, daga Zuru:

Ƙari a kan abin da yaron nan ya faɗa, ka san cewa hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tana sa ido a kan garaɓasar 'yan kasuwa, kuma a Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tsara harkar ƙuri'ar cin kuɗi hurumin jihohi ne. Ka nemi lauya ya duba maka sharuɗɗanka kafin ka sanar da su. Ka rubuta ranar rufewa, yadda za a fitar da ƙuri'a, da wanda zai biya kuɗin mota, domin idan mutumin Legas ya ci buhun shinkafa sannan aka ce ya biya direba, rigima za ta tashi a gaban jama'a. Ranar ƙuri'a kuma ka yi ta kai tsaye ta bidiyo, ka cire 'yan gidanku da yaran shagonka, saboda mutane sun sha ganin gasar da ƙanin mai kaya ke lashewa.

'Yar kasuwar Gusau ta sake cewa:

Na manta abu ɗaya, ƙanena. Ka fara da ƙarami, ka kuma rubuta abin da ka kashe da cinikin da ya biyo baya cikin wata guda. Idan ribar ba ta mayar da kuɗin kyautar ba, kada ka maimaita don kawai an yaba maka.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan sa ƙananan buhuna 3 da kifi, in biya kuɗin mota da kaina, gasar kuma ta yi kwana 10. Abin da ya rage mini shi ne lokaci, Hajiya: in yi ta yanzu, ko in jira sabuwar shinkafa ta shigo da kaka?