Muhawara: A Tilasta wa Masu Gina Filaza a Kwari Barin Filin Fakin?

Mai Shadda: Salamu alaikum jama'a. Ni matsayata ɗaya ce: duk wanda zai gina filaza a Kantin Kwari, ko Singa, ko Sabon Gari, kada KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ta ba shi izinin gini sai ya bar ƙasan benen gaba ɗaya don ajiye motoci. Mutum ya tayar da bene hawa uku, ya yanka shi shaguna rututu, ko wajen jingine keke bai bari ba, sannan a dawo ana kukan titin IBB ya cushe. To ina ake so motocin su tsaya, a kan rufi?

Injiniya: Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a kafa doka a ɗan yi lissafi. Mota ɗaya na cin wajen mita 2.5 a faɗi, mita 5 a tsawo. In ka haɗa da hanyar shiga da wurin juyawa, ta doshi murabba'in mita 30. A Kwari wannan wurin ƙananan shaguna biyu ne ko uku, kuma a ƙasa, inda haya ta fi tsada. Mai gini ba zai ɗauki asarar ba, a kan 'yan hayar sama zai watsa ta. Yaron da ya samu 'yanci bana, ko babur bai mallaka ba, shi zai riƙa biya wa motar wani haya. Amurka ta daɗe a kan irin dokar da kake nema, yanzu janyewa suke yi. Birnin Bafalo na jihar Niyok ya soke ta a duk faɗin garin tun 2017.

Mai Shadda: Injiniya, kullum sai ka kai mu Amurka. Su suna da bas da ke zuwa a kan lokaci. Mu me muke da shi?

Ɗan Sahu: Mu kuke da shi, Alhaji! Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, mu muke kawo muku kwastoma. Don Allah gobe da hantsi ka tsaya bakin titi ka duba motocin da ke jere. Yawancinsu ba na masu sayayya ba ne, na masu shaguna ne. A ajiye ta da safe, a sa mata kwali a gilas saboda rana, ba za ta motsa ba sai an kusa magariba. Wurin da mota ɗaya ta kwanta yini guda, da mu aka bar wa, mutum nawa za mu sauke a nan? Amma da na tsaya sauke tsohuwa da ƙullin atamfarta, ni ne mai haddasa gosulo. An bar jaki ana dukan taiki.

Hajiya 'Yar Sari: Ƙanena ya faɗi gaskiya, sai dai bai ƙarasa ba. Ni daga Maraɗi nake zuwa sari, kuma irina da ke zuwa daga Damagaram da Chadi da Kamaru ba da motar kanmu muke zuwa ba. Abin da ke cinye mana yini shi ne lodi. Babbar mota ta tsaya tsakiyar hanya da azahar ana sauke diloli, 'yan dako na kai da komo, mai kura ya maƙale tsakanin mota da teburin mai yadi, kowa ya tsaya cik. Ku ba mu wurin lodi, ku sa wa manyan motoci lokaci, su shigo da asuba ko bayan isha. Filin fakin ƙasan bene ba ruwansa da tirela, ko kanta ba zai shiga ba.

Ɗan Fagge: Ni tambayata, wa ma ke da ikon? Kasuwar a ƙaramar hukumarmu take, amma ban taɓa jin kansiloli sun zauna a kan wannan ba.

Barista: Nan gizo ke saƙa, Malam. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa kasuwanni da tashoshin mota cikin aikin ƙaramar hukuma. Amma dokar filaye ta 1978 ta damƙa filin cikin birni a hannun gwamna, izinin gini na hannun KNUPDA, zirga-zirgar titi kuma KAROTA ke kula da ita, dukkansu na jiha. Wato ciyaman na iya yanka rasit, amma ba shi zai ce a gina ko kar a gina ba. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kuɗin ƙananan hukumomi ya taɓa, bai ba su fili ba. Masu son a riƙa karɓar kuɗin fakin a bakin titi kuma su tuna da Abuja: a 2014 kotu ta rushe tsarin nasu saboda babu dokar da ta kafa shi. In za a yi, a fara daga majalisa.

Ɗan Fagge: To ai filin ma akwai shi da can. Filin Idi na Ƙofar Mata fa? Aka bi gefensa da shaguna a zamanin Ganduje.

Mai Shadda: Aka kuma zo aka rushe a 2023 zamanin Abba, da dukiyar bayin Allah a ciki. Kotun tarayya ta ce a biya diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Wa ya ci riba?

Barista: Alhaji, Malam, don Allah kar mu mayar da ita siyasa, yanzu zauren zai watse. Abin da ya shafe mu a ciki shi ne takardar da gwamnati ɗaya ta bayar wata na iya cewa ba ta san da ita ba. Ko an tilasta barin filin fakin yau, me zai hana a yanka shi shaguna bayan shekara biyu? Filazoji nawa ne aka zana wurin motoci a takarda, da aka gama gini 'yan tebura suka gaje shi?

Injiniya: Shi ya sa nake cewa a bar mai gini ya yi shagunansa, amma a karɓi wani kaso a hannunsa a gina wurin fakin guda mai hawa-hawa a wajen kasuwa, na kowa da kowa. Bakin titi kuma a sa masa kuɗi na awa-awa: awar farko da sauƙi, daga nan ya riƙa hawa. Mai sayayya ba zai ji a jikinsa ba. Mai kwantar da mota tun safe shi zai ji.

Hajiya 'Yar Sari: Kuɗin kuma aljihun wa zai shiga, ɗana? In wani zai tsaya da riga mai ƙyalli yana karɓa ba rasit, gara a bar mu yadda muke.

Mai Shadda: Kuma ku da kuke cewa mu kai motocinmu nesa, kun taɓa rufe shago da cinikin yini a jaka? Ba kowane kwastoma ke tura kuɗi ta waya ba. In taka daga tsakiyar Kwari zuwa wani fili da almuru, ina rungume da kuɗin mutane? A fara sa fitilu da masu gadi a hanyar, sannan a zo a yi mini maganar awa-awa. Kafin nan motata na ƙofar shago.

Ɗan Sahu: To Alhaji, ko matsar da ita gaba kaɗan ka riƙa yi, mu samu inda za mu sauke maka kwastoma.