Jama'a, me za mu kira "carpool" da Hausa?

Ku taimaka min da wata kalma don Allah. Boycott dai an gama da ita, ƙauracewa ce. Wadda ta tsaya min a wuya ita ce carpool, wato tsarin da masu motocin gida ke haɗa kai suna ɗaukar mutane, kuma labarin ƙaurace wa bas da aka yi a Montgomery, wani gari a jihar Alabama ta Amurka, ba ya bayuwa sai da ita.

Bayan an kama wata mata baƙar fata, Rosa Parks, ran 1 ga Disamba 1955 don ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera a bas, baƙar fatan garin suka ƙaurace wa bas tun daga ran 5 ga wata, kwana 381 fa, kuma su ne mafi yawan fasinja. To ya suke zuwa aiki? Da farko 'yan tasi baƙar fata ne ke kwasar mutane a kan santi 10, kuɗin bas kenan, sai hukuma ta ce duk direban da ya karɓi ƙasa da santi 45 zai sha tara, shi ne aka tattaro motocin gida wajen 300 aka ware wuraren jira safe da yamma, coci-coci ma suka sayi nasu. Dabarar daga garin Baton Rouge na jihar Louisiana aka aro ta, can sun yi a 1953.

Wani ya ce min "rage hanya". A'a malam, rage hanya ai dace ne, ka ga mutum a titi ka tausaya. Wannan da tsari aka yi shi, har da masu rarraba motoci.

Wata 'yar uwa ta kawo "adashin mota". Hajiya wallahi ya yi daɗi, kuma ya dace da ma'aikatan da ke yin yau motata gobe taka. Amma can da yawan masu hawa mata ne 'yan aikatau, wace mota za su zuba?

Ni dai na tsaya a "gayyar mota". Mai mota ya kawo mota, mai kuɗin fetur ya jefa a taron coci, aiki na kowa. Ta yi ƙarfin da sai da hukumar garin ta kai ta kotu, aka hana ta ran 13 ga Nuwamba 1956, ranar da Kotun Ƙolin Amurka ta ce wariya a bas ta saɓa wa tsarin mulki. Suka koma sayyada har 20 ga Disamba da umarnin ya iso.

Mutanen Sakkwato da Damagaram, gayyar mota ta zauna a kunnenku ko kuna da wadda ta fi?